Tambaya da Amsa: Ta ina mai koyo zai fara naɗa sigarin ganye a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekaruna sun haura 40. A wata tafiyar aiki da na yi zuwa Jamhuriyar Dominika an kai mu wata masana'anta a birnin Santiyago, inda na ga mutane zaune layi-layi suna naɗa sigari mai kauri da hannu, ganye zalla babu takarda, kuma tun daga ranar abin ya shiga raina. Ina so in koya a gida don sha'awa, ba don sayarwa ba. Na gwada da ganyen tabar da na saya a kasuwa, sai ya yi ta karyewa a hannuna, wanda ya naɗu kuma ya ƙi zuƙuwa. Waɗanne kaya zan saya, wane ganye ya dace, kuma ta ina zan fara? Sannan gaskiya ne cewa wanda mutum ya naɗa da hannunsa bai kai na kanti illa ba, tunda babu sinadari a cikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ta shafi lafiyarka. Maganar da ka ji ba gaskiya ba ce. Abin da ke cutarwa a taba yana cikin ganyen kansa da hayaƙin da yake fitarwa idan ya ƙone, don haka cire takarda ko naɗawa da hannu ba ya rage komai. Nikotin tare da ganyen yake tsirowa, kuma tsimawar da ake yi wa ganyen irin wannan sigari, wadda ita ce ke ba shi ƙamshi, tana ƙara yawan wasu sinadarai masu haddasa ciwon daji da ake kira naitirosamin. Karan sigarin takarda bai cika kai giram 1 na taba ba, alhali babban sigarin ganye yana ɗauke da giram 5 zuwa 20, wato guda ɗaya yana iya kai kwali guda. Masu sha sukan ce ai ba sa haɗiye hayaƙin, amma nikotin ɗin wannan hayaƙi ta fatar baki yake shiga jini, hayaƙin kuma yana taɓa baki da maƙogwaro kai tsaye, shi ya sa ciwon dajin baki da harshe da maƙogwaro da maƙoshi suke bin masu shansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutuwar fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara sanadiyyar taba, cikinsu har da waɗanda hayaƙin wasu ne kawai suke shaƙa. Idan ba ka shan taba a yanzu, ina roƙonka kada sha'awar aikin hannu ta zama ƙofar da za ka shiga shanta, kuma ka san cewa malamai da dama suna ganin karhancinta ko haramcinta. Akwai kuma doka: dokar taƙaita taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana cinikinta ta intanet, ta kuma wajabta lasisi a kan masu sarrafa ta ko shigo da ita don kasuwanci, saboda haka kafin ka kawo ganye daga waje ka tuntuɓi kwastam da hukumar killace kayan gona.

To, ga batun sana'ar. Matsalolin nan biyu da ka ambata, karyewar ganye da ƙin zuƙuwa, tushensu ɗaya ne, wato laima. Masu koyo sukan ɗauka cewa sirrin yana cikin kayan aiki ko cikin saurin yatsu, sai su kashe kuɗi a kan wuƙaƙe da akwatuna, alhali mai naɗin da ya ƙware zai iya fitar da sigari mai kyau da katako da wuƙar kicin, muddin ganyensa ya tsimu kuma kowane kashi yana da laimar da ta dace da shi.

Sigarin ganye hawa uku ne. Akwai ciko, wato ganyayen da ke tsakiya, su ne mafi yawan nauyinsa; akwai maɗauri, ganye mai ƙarfi da ke riƙe cikon; akwai kuma riga, ganye mai laushi da sheƙi da ido yake gani daga waje. Shi cikon ma gauraye ne, kuma masu sana'ar a Kuba suna rarraba shi bisa inda ganyen ya fito a jikin shuka. Na ƙasa ana ce masa bolado, ba shi da ƙarfi amma yana cin wuta sosai. Na tsakiya shi ne seko, daga gare shi yawancin ƙamshi yake fitowa. Na sama, wanda ya fi shan rana, shi ne lihero, mai kauri da maiƙo da yawan nikotin, kuma shi ya fi jinkirin ƙonewa. Wannan bambanci na saurin cin wuta shi ne dalilin da ya sa ake ajiye lihero a can tsakiya, a kewaye shi da seko, a bar bolado daga waje-waje.

Ganyen da ka saya a kasuwa ba don wannan aiki aka yi shi ba. Yawancinsa an shanya shi ne kawai don a daka a yi tabar gari ko a cusa a lofe, kuma shanya kaɗai ba ta mayar da ganye na sigari. A Pinar del Riyo da ke yammacin Kuba, inda gonakin Buwelta Abaho suke, ana rataye ganye a rumfunan shanya na kimanin kwana 50 a inuwa, iska tana ratsa shi har ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa. Bayan nan a tara shi tsibi-tsibi da 'yar laimarsa, nauyinsa ya danne shi, ya ɗauki zafi da kansa, ana duba zafin da ma'auni, idan ya yi yawa a wargaza tsibin a sake jerawa, na waje ya koma ciki. Wanda ya taɓa ganin yadda ake rufe dafaffiyar kalwa ta yi kwanaki kafin ta zama daddawa zai gane abin da ke faruwa, har zarnin da ke tashi ma kusan iri ɗaya ne, domin amoniya ce take fita. Daga nan sai a ɗaure ganyen a adana shi, bolado na watanni, lihero kuwa har shekara biyu ko fiye. Ganyen da bai bi wannan hanya ba yana da ɗaci da kaifi a maƙogwaro, ba ya miƙewa, kuma wuta ba ta zama a jikinsa. Akwai masu tsima ganye a gida cikin akwati mai ɗumi na makonni, amma wannan wata sana'a ce daban, kuma ban ba ka shawarar haɗa koyo biyu a lokaci guda ba, domin idan sigarin ya lalace ba za ka san ko laifin ganye ne ko na hannunka ba. Ka nemi ganyen da aka riga aka tsima.

Irin wannan ganye yana fitowa ne daga wurare sanannu: kwarin Sibawo a Jamhuriyar Dominika, kusa da Santiyago ɗin da ka je, da Esteli da Halapa a Nikaraguwa, da Hamastiran a Honduras, da San Andires a Meksiko, da Bahiya a Birazil, da Ekwado, da tsibiran Sumatra da Jaba a Indunisiya. Idan ka ga an rubuta cewa ganye irin Kuba ne, ba yana nufin a Kuba aka noma shi ba. Bayan juyin juya halin 1959 da karɓe masana'antu da gwamnati ta yi a 1960, sai kuma takunkumin Amurka na 1962, iyalai da yawa masu wannan sana'a sun bar tsibirin suka kafa gonaki a maƙwabtan ƙasashe da irin shukar ƙasarsu. Abin da mutane da yawa a nan ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin rigunan da aka fi daraja a duniya maƙwabciyarmu ce take noma shi. A gabashin Kamaru, wajen Baturi, da yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙananan manoma suna shuka wani ganye da asalinsa irin Sumatra ne, kuma da shi kamfanin Arturo Fuente yake yi wa wasu fitattun sigarinsa riga. Sai dai duk da ƙaunar da nake yi wa wannan ganye, ba na ba mai koyo shi, saboda ƙarami ne, siriri, mai saurin yagewa. Ka fara da riga mai faɗi da ɗan kauri da ke jure ja, irin ta Ekwado, da maɗauri na Indunisiya, da seko da bolado na Dominika ko Nikaraguwa. Lihero ka sayi kaɗan, rabin ganye ya ishi kara guda. Rabin kilo na ciko zai ba ka kusan kara 40 masu matsakaicin kauri, kuma goman farko ka ɗauke su a matsayin kuɗin makaranta.

Kayan aiki ba su da yawa. Katako mai santsi da bai taɓa ganin albasa ko mai ba, da wuƙa mai lanƙwasa irin wadda 'yan Kuba ke kira cabeta, ko wata wuƙa mai kaifi, da almakashi, da kwalbar feshi, da tataccen ruwa irin na kantin magani, da ledoji masu zif, da abin liƙi. A masana'antu ana liƙi da danƙon itace marar ɗanɗano, kuma ƙaron da muke da shi a kasuwanninmu, wanda Sudan da Chadi da Najeriya suke kan gaba wajen fitar da shi, yana yin wannan aiki: ka jiƙa farin ƙaro mai tsabta cikin ruwa kaɗan ya kwana, ka tace, ya zama kamar zuma mai ruwa-ruwa. Kada ka kusanci gam na kanti kowane iri. Akwai kuma katakon matsi mai ramuka, galibi goma, da ake danne naɗin a ciki ya ɗauki siffa, amma kafin ka same shi farar takarda marar rubutu da aka yanka tsiri-tsiri aka naɗe damin cikon da ita tam za ta wadatar.

Yanzu ga inda aikin yake. Hawa ukun nan ba laima ɗaya suke so ba, kuma kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya fesa musu ruwa bai ɗaya. Ciko yana son laima kaɗan ƙwarai, gwargwadon yadda za ka ninke shi ba tare da ya farfashe ba, amma har yanzu kana jin ƙarar ganye a hannunka. Idan ya yi laushi kamar tsumma, zai manne da juna a cikin matsi, ya toshe hanyar iska, kuma ko ya bushe daga baya ba zai buɗe ba. Ina kyautata zaton abin da ya sami naka da ya ƙi zuƙuwa ke nan, wato da ka ga yana karyewa sai ka jiƙa shi duka. Maɗauri yana son matsakaiciyar laima, ya yi kamar fatar da aka jeme. Riga kuwa ita ake jiƙawa sosai, a fesa mata ruwa fuska biyu, a kakkaɓe, a sa a leda ta kwana, da safe ta zama tana miƙewa idan an ja ta, babu ɗigon ruwa a jikinta. Ruwa a saman ganye daban yake da ruwan da ya ratsa ganye, kuma ratsawar lokaci take buƙata, ba yawan feshi ba. Kada ka jiƙa fiye da abin da za ka naɗa a kwana ɗaya ko biyu. Ni kaina a farkon koyona na taɓa barin riga mai tsada a leda kwana biyar cikin zafi, na buɗe na tarar funfuna ta cinye ta, ban tsira da ko ganye ɗaya ba.

A nan dole ka yi la'akari da garin da kake. Masu naɗin da ka gani suna aiki ne a ƙasa mai iskar teku da laima kusan duk shekara, kai kuwa a Kaduna da hunturu laimar iska tana sauka ƙasa ƙwarai, har riga ta bushe a kan katako cikin 'yan mintoci. A irin wannan lokaci ka riƙa ciro rabin ganye ɗaya-ɗaya, sauran suna rufe ƙarƙashin tsumma mai danshi, ka rufe taga, ka kashe fanka. A tsakiyar damina kuma, wajen watan Agusta, abin juyewa yake yi, cikon da ba ka taɓa da ruwa ba ma zai sha laimar ɗaki, sai ka baza shi ya sha iska kafin ka fara. Ka kuma wanke hannu bayan aiki, ko ka sa safar hannu lokacin jiƙawa, domin nikotin yana ratsa fata daga jiƙaƙƙen ganye, yana kawo jiri da tashin zuciya.

Kafin naɗi sai a cire ƙashin tsakiyar ganye. A riga da maɗauri ana zare shi gaba ɗaya, ganyen ya rabu biyu, dama da hagu. A ciko kuwa kaurin gindin kawai ake cirewa. Sai ka shimfiɗa rabin maɗauri a katako, fuskar da jijiyoyi suka fito tana kallon sama don ta koma ciki. Ka ɗauki ganyen ciko ɗaya-ɗaya, ka ninke kowanne a tsawonsa kamar mahuci na takarda, ko ka naɗe shi sako-sako kamar bututu, wanda shi ne tsohon salon da ake kira entubado, ya fi ba iska hanya amma ya fi cin lokaci. Abin da ba a so shi ne a jera ganyaye a kan juna a ninke su kamar littafi, ko a murɗa damin a hannu, domin murɗawa ita ce ke haifar da ƙulli. Tsinin ganyaye duka ya fuskanci ƙafar sigarin, wato inda za a kunna, saboda ɗanɗano ya fara da sauƙi ya riƙa ƙaruwa. Ka riƙe damin a tafin hannu, ka bi shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Inda ka ji rami, ka tsinke abin da ya yi saura a ƙarshe ka cike wurin, inda ka ji tauri ka rage. Daga nan ka ɗora shi a gicciye a bakin maɗaurin ka mirgina daga ƙafa zuwa kai, da ƙarfi daidai, ka ɗiga ƙaro a ƙarshe. Ya shiga matsi na aƙalla rabin awa, a juya shi kwata don kada gefen katako ya bar masa layi, a sake matsawa. Wanda aka naɗe da takarda gara ya kwana.

Kafin ka sa riga, ka yanke bakin damin ka zuƙi iska ba tare da wuta ba. Ya kamata ka ji 'yar turjiya, kamar ta shan kunu mai ɗan kauri da tsinken roba. Idan ya toshe, ka warware shi nan take ka sake, domin riga ba ta gyara abin da ya ɓaci a ciki. Manyan masana'antu ma suna da na'urar gwada zuƙa a daidai wannan mataki. Game da girma, ana auna kauri ne da inci da aka raba 64, don haka lamba 50 kusan milimita 20 ce. Ka fara da lamba 46 zuwa 50 da tsawon santimita 12 ko 13, kusa da wanda ake kira robusto. Siriri ya fi saurin toshewa, mai tsinin kai kuma aikin ƙwararru ne.

Sa riga ita ce abin da ya burge ka a masana'anta, kuma za ka yi mamakin yadda ta fi haɗa ciko sauƙin koyo. Ka shimfiɗa rabin ganyen, fuska mai santsi a ƙasa, ka miƙe shi, ka yanke gefen waje kaɗan ya yi sumul, ka yanke ɓangaren ciki inda jijiyoyi suka yi kauri, ya rage tsiri mai siffar jinjirin wata. Ka ɗora ƙafar damin a tsinin ganyen a karkace, hannu ɗaya yana mirginawa, ɗayan yana jan rigar a hankali, kowane zagaye yana hawa kan na baya, jijiyoyin suna bin tsawon sigarin. Rabin dama da rabin hagu ba gefe ɗaya ake naɗa su ba, kuma idan ka ga jijiyoyi sun zagaye sigarin kamar zobe, to ka ɗauko ta baibai. A kai, ƙwararru suna yin hula da ɗan ganye da aka yanka da'ira, amma kai ka murɗa ragowar rigar ta zama ɗan wutsiya ka liƙe. Salo ne da aka sani, ba abin kunya ba.

Sabon naɗi yana da ruwa da yawa. Ka bar shi a inuwa kwana biyu zuwa mako, gwargwadon yanayi, da hunturu cikin akwatin da ba a rufe sosai ba don kada rigar ta tsage, sannan ka adana shi makonni huɗu ko fiye a laima kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. A Kuba ɗakin hutun sigari yana tsakanin digiri 16 da 18 na ma'aunin Salshiyas, zafin da ɗakunanmu ba sa gani sai da sanyin hunturu. Illar zafi ita ce ƙwaron taba, wanda ƙwansa kan zo a jikin ganye, ya ƙyanƙyashe idan zafi ya haura digiri 22 ko 23, ya huda sigari ƙananan ramuka. Maganinsa sanyi: a rufe cikin leda biyu, kwana ɗaya a firji, kwana uku a firiza, a sake kwana ɗaya a firji, kuma hakan yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, don haka ka tsara lokacinsa. Robar abinci mai rufewa gam ta isa wurin ajiya, tare da ƙaramin ma'aunin laima. Don ka tabbatar ma'aunin ba ya ƙarya, ka rufe shi a leda da murfin kwalba cike da gishirin da aka ɗan jiƙa na awa takwas ko fiye. Ya kamata ya nuna 75.

A masana'antun Habana, babban birnin Kuba, mai koyo yakan yi wata tara yana horo kafin a ba shi teburi, kuma ƙwararre yana naɗa 60 zuwa 150 a rana gwargwadon girma, saboda haka kada ka auna kanka da abin da ka gani. Ka sami littafi ka riƙa rubuta ganyen da ka sa a kowane kara, da nauyinsa, da yanayin ranar. Toka da wuta ma suna ba da labari: idan tsakiya ta ƙone ta bar riga, ciko ya yi sako-sako ko rigar ta fi shi laima, idan gefe ɗaya ya riga ɗayan, lihero ya kauce daga tsakiya, idan wuta tana yawan mutuwa, bai gama bushewa ba ko bolado ya yi kaɗan. Wanda ya toshe kada ka jefar, ka tsaga shi a tsaye da reza ka nemo inda ƙullin yake, cikon kuma ka ɗan jiƙa shi ka sake amfani da shi. Guntayen da suka rage da ruwan da ka wanke kaya ka kawar da su inda yara da kaji da awaki ba za su kai ba, ganyen da sigarin kuma su zauna a wuri mai makulli, domin ɗan abin da yaro ƙarami zai tauna ya isa ya kai shi asibiti.